Amon Dalma

Kafin in shiga ɗakin nan sai na tuɓe ƙarfe:
makullin babur, agogo, allurar da ke maƙale a hulata.
Maganaɗisun ciki bai san na gida ba,
abin da ya matso kusa nasa ne.

Ƙarfe biyun dare a Samaru.
Wuta ta tafi tun sallar isha'i,
janareta na tari a bayan taga,
Shekarau mai gadi ya ja mayafi har ka.
Daga ni sai farin tulun nan,
tulun da cikinsa ya fi ƙanƙara sanyi,
ba a kuwa taɓa shan ruwansa ba.

Ubana maƙeri ne a Tudun Jukun.
Ba ya tambayar ƙarfe asalinsa,
ƙwanƙwasa shi yake a uwar maƙera, ya karkata kunne:
wannan zai yi garma,
wannan ko ƙusa ba zai yi ba.
Ran da na kai masa dalma daga cikin mataccen batir
ya buga, ta ce tif, ta yi gum.
Ya ce, "Tanimu, rabu da ita.
Abin da ba ya amo, da mugun nufi yake kwana."

Ita ce na tarar bayan shekara talatin
a bakin Kubanni, a lambun Mairiga,
ta bi ruwa ta shige jijiyar latas,
ba launi, ba wari, ba sallama.

Wata bakwai ina ƙera mata awartaki,
ba a wuta ba, a kwalba,
ɗan mitsitsin da ido ba zai gani ba,
mai haƙora biyu na farar wuta,
ya cafke ta ya fito da ita daga ruwa.
To, ya kama ko bai kama ba?
Wa zan tambaya, tunda ita bebiya ce?

Na ɗiga ruwan a bututu siriri kamar tsinken tsintsiya,
na zura shi ta bakin tulu.
Can ciki ƙwayoyin zarra suka daidaita sahu,
kowace ta fuskanci inda aka juya ta.
Sai na buga.
Ba da masaba ba, Baba,
da igiyar rediyo, bugu ɗaya, gajere kamar ƙiftawa,
na karkata kunne.

Sun amsa.
Amon ya taso da ƙarfi ya dinga sirancewa,
kamar tasa in an sake ta a daɓe.
Na sake bugawa, sau dubu huɗu,
shayina ya huce, sauro ya ci rabonsa,
har layi ya miƙe a kan gilashi,
fili fetal, sa'an nan tsauni,
kamar Kufena in ka taho daga Wusasa.

Tsauni ɗaya nake jira,
shaidar haƙoran biyu sun nutse daidai wa daida.
Biyu na gani.
Ɗaya ya gusa hagu, ya ciji dalma.
Ɗayan na nan inda na bar shi,
baki sake, yana riƙe da iska.

Wata bakwai, awartakina da haƙori ɗaya yake kamu.

Na zauna. Ban yi tsaki ba.
Dariya ma ta so kuɓuce mini,
don na tuna yadda kake ɗaga aikin da ya karkace
ka dube shi ta gefen ido,
ka mayar wuta ba ka ce uffan ba.

An kira assalatu daga wajen Hayin Dogo.
Na kwashi makullina da agogo a bakin ƙofa.
Anjima Mairiga zai tayar da injin ban ruwa,
latas zai tafi kasuwar Sabon Gari a bayan akori-kura,
ni kuma in koma kwalba, in ƙara wa haƙori tsawo.

Amma Baba, da kana nan da na gaya maka:
tana magana.
Ba mu iya bugun ba ne.